Neman gurbin likitancin haƙori: kundin shirin JAMB na 2025

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau na soma karatu gadan-gadan. Gurbi nake nema a tsangayar likitancin haƙori ta Jami'ar Bayero, kuma ƙofar shiga guda ce: JAMB, da darussa huɗu, Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Turanci tambaya 60, sauran ukun 40-40, jimilla 180 cikin awa biyu, a kan maki 400. In aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan. Bara 219 na ci, Fiziks ce ta ja ni ƙasa, lokaci ya ƙare ina tsaka da lissafi. Irin wannan maki ko kallo ba a yi masa a layin masu neman likitanci. Bana 270 na sa a gaba.

Ta ɓangaren sakandare ba ni da damuwa. Kiredit biyar ɗin da ake nema, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, duk a zama ɗaya na same su.

Tsarin da na yi: bayan sallar asuba Fiziks, tun kai na da sanyi. Da hantsi Kemistiri. Bayoloji da Turanci da dare. Lesin Litinin, Laraba da Asabar, N12,000 a wata, Yaya ya ce shi zai ɗauka. Adaidaita sahu zuwa da dawowa N600. Littattafan tambayoyin shekarun baya guda uku, N7,500.

Asabar, 11 ga Janairu

Fiziks: motsi a miƙe, jifa sama da faɗowa. Hunturu ya sa tashin asuba sai an yi da gaske.

Asabar, 18 ga Janairu

Gwaggo ta zo wuni, ta tarar da ni a tsakar gida da littafi. Da Umma ta gaya mata abin da zan cika, sai ta ajiye kofin kunu ta ce: "Ke kuwa 'yar nan, duk likitocin duniya ki rasa wanda za ki zama sai mai cire haƙori? Wannan ai ko wanzami ya iya." Na ce, "Gwaggo, shi ma shekara shida ne a jami'a, sannan a yi shekara guda ta horo a asibiti kafin bautar ƙasa." Ta ce to tunda wahalar ɗaya ce, me zai hana in nemi likitan gaba ɗaya?

Ba ita kaɗai ke wannan tunanin ba. Ko a lesin, yawancin masu cewa haƙori za su cika, MBBS, wato karatun likitan gaba ɗaya, ce a ransu, suna ganin nan ɗin zai fi sauƙin shiga. Ni kuwa shi nake so tun asali. A garinmu in haƙori ya yi kogo, abu na farko a cusa kanumfari, in ya ƙi a je wurin mai magani a bakin kasuwa ya turara hayaƙi ya nuna maka "tsutsar" da ya fitar. Sai kunci ya kumbura ido ya rufe ake tunawa da asibiti, a lokacin kuwa ba abin da ya rage sai cirewa. Shi ya sa mutane suka ɗauka aikin ke nan.

Na ba ta labarin cutar noma. Yara ƙanana take kamawa, galibi 'yan shekara biyu zuwa shida, masu fama da tamowa ko waɗanda ƙyanda ta raunana. Daga kumburin dasashi take farawa, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. In an gano ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti sukutum saboda ita tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Wanda zai buɗe bakin yaro ya gane abin tun da wuri, shi nake son zama. Gwaggo ta yi shiru, can ta ce ta san wata yarinya a ƙauyensu da aka ce iska ce ta taɓa ta. Ba ta ce ta yarda da zaɓina ba, amma ta yi mini addu'a.

Laraba, 22 ga Janairu

Kemistiri: lissafin mol da dokokin iskar gas. Lambobin da ake haddacewa a kansu sun zauna.

Juma'a, 31 ga Janairu

Yau aka ce za a buɗe rajista, an ɗage zuwa Litinin 3 ga Fabrairu. Na riga na tura lambar NIN zuwa 55019 na karɓi lambar furofayil. Layin wayar da na yi amfani da shi na Umma ne da, yanzu ya zama nawa, domin duk abin da zai biyo baya, har sakamako, ta kansa zai zo.

Na ɗauko takardar sakandare na gwada sunana da na NIN harafi-harafi, sun dace. Wata ƙawata a lesin sunanta a NIN da "u" a ƙarshe, a takardar makaranta babu, yanzu ta shiga zirga-zirgar gyara.

JAMB ta yi gargaɗi a kan lalle: na'urar ɗaukar zanen yatsa ba ta karanta yatsan da ya sha ƙunshi. Akwai bikin 'yar Kawu ranar 8 ga wata, na gaya wa Umma ni ban da ni.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An yi rajista. N8,700 har da jarrabawar gwaji. Wanda ba ya son gwajin N7,200 ne. A ciki akwai N3,500 na fom, N1,000 na littafin labarin da ake tambaya a kansa a Turanci, sauran na cibiya da banki, N1,500 kuma na gwajin.

Tun ƙarfe bakwai muka isa cibiyar ni da ƙanina, na samu lamba ta sittin da wani abu. Har azahar layi bai yi wani motsin kirki ba, an ce intanet ke yankewa. Masu awara da ruwan leda su suka ci kasuwa. A gabana akwai wata yarinya da ta zo da jan lalle har gaɓa ta biyu, daga gani daga biki take. Ta ɗora babban yatsa na'ura ta ƙi, ta goge a hijabi ta sake, ta hura masa iska, ta shafa a goshi ko maiƙo zai taimaka. Ma'aikacin ya gwada yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya ce ta dawo in ya goge. Ta ce, "Malam, daga Gezawa fa na zo." Ya ce ba shi ya hana ba. Na ji wasu suna ba ta shawarar ta goge da sinadarin wanki, alhali shi ma an yi gargaɗi a kansa, domin zanen yatsan yake cinyewa gaba ɗaya.

Nawa yatsu goma suka shiga ba gardama. Zaɓi na farko Bayero, likitancin haƙori. Ma'aikacin ya ɗago ya ce, "Hajiya, kin tabbata? Gurbin nan fa kaɗan ne." Na ce ya cika. Kafin a tura na sa ya juyo da allon na karanta komai da idona, musamman darussan huɗu. Akwai wanda na sani da aka cika masa Lissafi a madadin Bayoloji, bai lura ba sai da ya je gida.

Talata, 11 ga Fabrairu

Kuɗin data ya tashi bayan ƙarin kashi 50 da aka amince wa kamfanonin waya. Kallon darasi a YouTube ya zama na masu hali. Yaya ya ba ni tsohuwar kwamfutarsa, muka sa manhajar gwaji da ba ta buƙatar intanet, N3,000. Batirin ba ya wuce minti arba'in, sai in akwai wuta.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Umma ta aiki a sayo kan akuya za ta yi farfesu. Ni aka ba wa wankewa bayan an babbake, kuma dama jiya muka yi tsarin haƙoran dabbobi a lesin. Na buɗe bakin na duba. A sama ta gaba babu haƙori ko ɗaya, sai wani tauri mai kaushi. A ƙasa guda takwas a jere, masu faɗi. Daga nan sai fili babu komai, tsawon yatsa, kafin a kai ga turame, shida a kowane gefe, sama da ƙasa, samansu duk ya side saboda tuƙa. Takwas da ashirin da huɗu, 32. Adadinsu ɗaya da na babban mutum amma rabon ya sha bamban: mu a kowane gefe, sama da ƙasa, na gaba biyu, fiƙa ɗaya, ƙananan turame biyu, manya uku. Yaro kafin famfara 20 ne da shi. Kare 42, zomo 28.

Na daɗe ina haddace waɗannan lambobi suna zubewa. Yau da na sa yatsa a filin nan na ga inda harshe ke juya ciyawa, sun zauna. Baba da ya ji muna maganar ya ce ai a kara da haƙoran ƙasan nan dillalai ke gane shekarun dabba, ba sa buƙatar JAMB. Umma kuwa cewa ta yi in na gama tiyatar in miƙo mata kan, ruwa ya tafasa.

A duk manhajar JAMB, wannan ɗan yankin ne kaɗai ya shafi haƙori kai tsaye. Tambaya ɗaya ko biyu, in ma sun fito.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gwajin farko na cikakkiyar awa biyu a kwamfuta: 226. Bayoloji 70, Kemistiri 58, Turanci 56, Fiziks 42. Tambaya goma sha ɗaya na Fiziks ban ma kai gare su ba.

Malamin Fiziks ya duba ya ce matsalata ba sani ba ce, taurin kai ne: in na kama tambaya sai na ga bayanta. Ya ce duk tambayar da na karanta sau biyu ban ga hanya ba, in zaɓi wani abu in wuce, tunda ba a rage maki a kan kuskure. Sabon rabo: Bayoloji minti 15, Kemistiri 30, Turanci 30, Fiziks 40, biyar na duba baya. Kuma in daina taɓa linzami, in saba da maɓallai: A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa.

Lahadi, 2 ga Maris

Jiya aka ɗauki azumi. Lesin ya koma ƙarfe tara na safe. Daga sahur ba na komawa barci sai na yi awa biyu na Fiziks.

Lahadi, 9 ga Maris

Makon nan karatu ya tafi da ruwa. Daga azahar ina kicin: surfen gero, markaɗen wake, fere dankali, suyar ƙosai, ga zafi ya soma. Bayan tarawihi in na buɗe littafi layuka ke haɗewa. Gwajin jiya 219, daidai da na bara, abin ya sanyaya mini gwiwa ƙwarai. Ƙanina kuwa da zai yi tasa jarrabawar baɗi, yana kwance ƙarƙashin fanka har la'asar.

Na samu Umma bayan an sha ruwa. Na ce, "Umma, ba aikin nake gudu ba, amma in aka tafi a haka kuɗin Yaya asara za su zama." Ta ce ita kaɗai ba za ta iya ciyar da gidan nan da azumi ba, gaskiya ne kuma. Muka tsaya a kan haka: kunu da ƙosai nawa ne, daga ƙarfe huɗu. Kai markaɗe, sayen ƙanƙara da wanke-wanken dare sun koma kan ƙanina. Ya yi ta ƙunƙuni, Baba ya ce magana ta ƙare.

Asabar, 15 ga Maris

Na gano wani abu a tambayoyin raba sinadari da lantarki. Tunda Faraday ɗaya 96,500 ne, masu tambayar kusan kullum lambobin da suka rabu da 965 suke bayarwa. Misali amfiya 2 na daƙiƙa 965: caji 1,930, wato Faraday 0.02. Jan ƙarfe kowane mol Faraday biyu yake ci, saboda haka mol 0.01, a ninka da 64, giram 0.64. Ba sai an buɗe kalkuletar allo ba, wadda danna ta kaɗai ke cin rabin lokacin tambaya. Na bi tambayoyin shekaru da dama, yawancinsu haka suke.

Ruwa mai tauri ma ya wuce. Farin ɓawon da ke cikin tukunyar dafa ruwanmu shi ne abin da littafi ke nufi da taurin da tafasa ke cirewa.

Alhamis, 20 ga Maris

Autanmu ya kwana yana kuka da haƙori, ni na raka shi asibiti. Kati da dubawa N3,000, ciko N10,000. Karatun yau duk ya tafi, amma ban yi baƙin ciki ba.

Likitar mace ce, ba ta fi Yaya shekaru ba. Ta kwantar da kujerar, ta jawo fitila, ta sa ɗan madubi mai doguwar mariƙa ta bayan turmin. Da ta ga ina leƙe, ta ce, "Ƙanwata, zo ki gani." Ramin daga sama ɗan ɗigo ne baƙi, amma da ta buɗe shi da injin sai ga ciki ya rube ya yi laushi. Ta ce ɓawon waje shi ne abu mafi ƙarfi a jikin mutum, amma tsamin da ƙwayoyin cuta ke yi daga sukari yana narkar da shi, in ya huda ya kai ga na ƙarƙashi sai ɓarnar ta bazu a ɓoye. Saura kaɗan ya kai jijiya. Abin da ya ɗaure mini kai, duk aikin a cikin madubi take kallonsa, hannunta na tafiya dama a inda ido ke ganin hagu, a fili da bai kai ƙwayar wake ba, yaro kuma na motsi.

Na gaya mata abin da na cika. Ta yi dariya ta ce Allah ya ba da sa'a, amma in san cewa shekarun farko tare da 'yan MBBS ake shan wahalar ilimin sassan jiki da sauransu, kafin a raba hanya a koma sassaƙa haƙori da kakin zuma da yin ciko a kan mutum-mutumi. Ta ce ta ga masu maki sama da 300 da hannunsu ya ƙi, ta ga waɗanda suka shiga da ƙyar suka fi kowa iya aiki. A Amurka, inda yawanci sai an yi digiri ake neman wannan karatu, jarrabawarsu ta DAT tana da sashe guda na gwada yadda ido ke juya siffa a ƙwaƙwalwa. Mu a nan ba mai tambayar hannunka ko idonka. Saurin lissafi ne ke raba gardama. Ban ga adalcin hakan sosai ba, amma ita ce ƙofar da ke akwai.

Da dare na koma kan madubi mai lotsawa ciki, wanda JAMB ke son cewa na likitan haƙori ne. In tsayin fokas santimita 3 ne, haƙori na nesa da santimita 2, hoton zai fito a bayan madubi a santimita 6, a tsaye, ninki uku. Alamar ragi ce ke nuna na bayan madubi ne, a nan nake yawan faɗuwa. Ita dai likitar ta ce nata shafaffe ne, ba ya ƙara girma.

Asabar, 29 ga Maris

Gobe Sallah. Mai ƙunshi ta zo gida, kowa ya miƙa hannu ban da ni. A ƙafa kawai aka yi mini. Gwaji: 243.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An kawo wuta da ƙarfi cikin dare, cajar kwamfuta ta ƙone har da wari. Sabuwa N6,500 a kasuwar wayoyi ta Farm Centre, sai Yaya ya samu albashi. Kafin nan na koma takarda, ƙanina na riƙe da agogo.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Jarrabawar gwaji. An ce ƙarfe bakwai, ba a fara tantance mu ba sai wajen tara, ba mu zauna ba sai sha ɗaya saura. Ban karya ba don kada ciki ya dame ni, kafin a fara yunwa ta gama da ni. Ranar gaske sai na ci wani abu.

Abubuwan da na koya, waɗanda kwamfutar gida ba ta koya mini ba: ɗakin akwai sanyin na'ura da ƙarar maɓallan mutum sama da ɗari biyu. Takardar lissafi guda ake bayarwa, dole a yi rubutu ƙanana. Agogon da ke saman allo baya yake ƙirgawa, in ka cika kallonsa zuciya ce ke bugawa. Maɓallin N na kwamfutata yana maƙalewa, sai na danna da ƙarfi, wani lokacin ya tsallake tambaya biyu. Da ban lura da lambobin da ke ƙasan allo ba, da na bar wasu ba amsa.

Na gama Fiziks saura minti uku. Wannan ne karon farko da na ga tambaya ta arba'in.

Talata, 15 ga Afrilu

Sakamakon gwaji: 248. Turanci ne ya ba ni kunya, 54. Sashen furuci ke cinye ni: inda nauyin kalma yake faɗawa, da wasulan da a kunnena duk ɗaya ne. A makarantarmu ba a taɓa koya mana da baki ba, a allo kawai. Malamar Turanci ta ce kada in ɓata lokaci, in haddace ƙa'idojin da ke maimaituwa, kamar kalmomi masu ƙarewa da "-tion" da "-ic" da nauyinsu ke kan gaɓar da ke kafin ƙarshen. Littafin labarin kuma in sake karanta shi, maki ne na banza a ajiye. Sabon karatu ya tsaya daga yau, sai bita.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na buga takardar shiga, N300. Asabar 26 ga wata, zaman farko, a iso 6:30 na safe. Cibiyar tana ɗaya gefen gari, ba wadda na yi gwaji ba. Yaya ya kai ni a babur muka gano wurin, minti arba'in ba cunkoso.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Jiya aka fara a faɗin ƙasa. Na duba ƙa'idojin lissafi da na tara a shafi biyu, na rufe. Fensir, takarda kwafi biyu, hijabi marar aljihu.

Asabar, 26 ga Afrilu

Mun fita bayan sallar asuba, na sha shayi da burodi a tsaye. Shida da kwata muna bakin ƙofa, iyaye sun fi ɗalibai yawa. Mata layi daban, ma'aikaciya ta laluba hijabi ta duba kunne. Agogo, biro, 'yan kunne, waya, duk a waje. Wata mai gilashin ido sai da aka karɓa aka jujjuya shi. Yatsana ya shiga a bugun farko, na ce alhamdulillahi a fili.

Mun fara takwas da 'yan mintuna. Bayoloji ta zo da sauƙi, gado da muhalli suka fi yawa, na fita a minti 13. Tambayar haƙori guda ce, ta dabba mai cin ciyawa. Kemistiri ta fi ta gwaji zafi, sinadaran kabon sun yi yawa, sunaye masu kama da juna. Ina tambaya ta ashirin da wani abu sai allon ya daskare. Na danna N shiru, na danna P shiru. Layinmu gaba ɗaya haka. Cikina ya ɗuri ruwa, na ɗaga hannu. Mai kula ya ce kowa ya zauna kada ya taɓa komai. Yarinyar da ke gefena ta soma kuka ƙasa-ƙasa tana cewa shekararta ta uku ke nan. Wani ma'aikaci ya durƙusa ƙarƙashin teburi yana jan wayoyi, can aka tashe mu mu shida aka mai da mu kwamfutocin ajiya a bayan ɗaki. Da na sake shigar da lambata, amsoshina suna nan, agogon ma daga kusan inda ya tsaya ya ci gaba. Lokaci bai tafi ba, natsuwa ce ta tafi. Tambayoyi uku na gaba sai da na karanta kowacce sau uku kafin ta shiga.

Turanci na yi shi a guje don in rama. Na littafin labari duk na san su. Na furuci na yi abin da zan iya.

Na shiga Fiziks da minti 41. Lantarki, zafi, igiyar sauti, madubi da gilashin ƙara gani guda uku. Biyar na tsallake da zaɓin wucin gadi, na dawo na warware uku. Akwai ɗaya ta makamashin da ke cikin kafasita da na san na taɓa yin irinta amma rabin da ke gaban ƙa'idar ya ɓace mini, sai a kan babur ya dawo. Na danna S saura daƙiƙa hamsin.

Yaya ya ce, "Ya aka yi?" Na ce sai dai addu'a. Ya saya mini fura da nono a hanya. Na yi barci har la'asar.

Talata, 6 ga Mayu

JAMB ta fitar da alƙaluma kafin sakamako. Cikin kusan mutum miliyan 1.95, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Waɗanda suka kai 300 su 12,414 ne. Rukuninmu na WhatsApp ya yi tsit.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na tura UTMERESULT zuwa 55019, sai bayan magariba amsa ta zo. Turanci 60, Fiziks 63, Kemistiri 68, Bayoloji 73. Jimilla 264.

Umma ta rangaɗa guɗa. Ni na rasa murna zan yi ko me. Ƙarin 45 ne a kan bara, kuma yawancinsa daga Fiziks ya zo. Amma shida ya rage in kai abin da na sa a gaba, kuma a irin wannan kwas shida ba kaɗan ba ne.

Alhamis, 15 ga Mayu

Jiya shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa har da hawaye: an samu tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, mutum 379,997 za su sake zama daga gobe. Mu bai shafe mu ba. Na tausaya musu, kwana biyu kacal aka ba su, wasu kuma suna tsakiyar WAEC.

Talata, 27 ga Mayu

Baba ya kira ni falo, Yaya na zaune. Ya ce wani abokinsa ya ba shi shawara in canza kwas tun da wuri, in koma wanda 264 zai shiga ba fargaba, kada in sake zaman shekara. Yaya ya kawo Jami'ar Maiduguri, su ma suna da likitancin haƙori, Baba ya ce nisa.

Na yi musu bayanin yadda jami'o'in tarayya ke raba gurbi: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewayen jami'a, 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko. A na farko ba na sa rai sosai. A na biyu ina da dama, sai dai duk 'yan Kano masu irin makina nan suka dosa. Kuma jami'a ba ta da ikon ɗiban yadda take so, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya ce ke ƙayyade mata adadi gwargwadon kujerun aiki da malaman da take da su. Aji guda na haƙori bai kai rabin na MBBS ba.

Na ce, "Baba, a bar ni in ga tantancewar jami'a tukuna. In jerin farko ya fito babu ni, duk abin da kuka ce shi zan yi." Ya ce to, amma in sani ba za a yi ta uku ba. Na amsa.

Laraba, 11 ga Yuni

Bayan Babbar Sallah na je cibiya aka ɗora sakamakon sakandarena a CAPS, shafin JAMB na bayar da gurbin karatu, N1,000, na tabbatar ya fito a shafina. Ba a ba mutum gurbi in babu shi.

Na haɗa lissafi daga Janairu: lesin N48,000, JAMB N8,700, littattafai da manhaja N10,500, caja N6,500, mota da data da buge-buge wajen N45,000. Ya doshi N120,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi N70,000 ne. Ƙawata mai matsalar suna ba ta samu lesin ba bayan Fabrairu, 231 ta ci, ta koma neman aikin jinya.

Laraba, 9 ga Yuli

A taron da JAMB ta yi jiya da shugabannin manyan makarantu an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. 'Yan uwa sai kira suke suna taya ni murna wai na ninka. Na gaji da bayanin cewa wannan na ƙofar waje ne, kowace tsangaya da nata.

Na koma bita, awa biyu da safe, Fiziks da Kemistiri, don kada sanarwar tantancewa ta same ni a sake. Kullum da yamma Yaya na duba shafin jami'a. Na ware N5,000 na fom da buge-buge. Na kuma karɓo bayanin kwas ɗin kula da lafiyar haƙori a kwalejin kiwon lafiya, in ajiye a gefe, kuɗin fom ɗinsa sai ƙarshen wata. Likitar da ta yi wa autanmu ciko ta ce in Baba ya yarda in riƙa zuwa ranar Asabar ina kallon aiki ina wanke kayan aiki. Baba ya ce sai ya je ya ga wurin da kansa, ya sa ranar Litinin.